Daɓen ɗakin naɗar sauti: abin da karo, katako da kafet ke yi wa murya

A birnin Yamai, aikin naɗar sauti ya daina zama na manyan gidajen rediyo kaɗai. Bayan Muryar Sahel da tashoshi masu zaman kansu da Studio Kalangou, wanda ya fara aiki a 2016, akwai ƙananan sitidiyo da yawa a cikin unguwanni, inda ake naɗar waƙoƙi da tallace-tallace da wa'azi da hirarrakin da ake sakawa a intanet. Galibin waɗannan ɗakuna ba don sauti aka gina su ba: ɗakin kwana ne ko shago, mai bangon bulo da shafen siminti, ƙasansa kuma daɓen siminti ne ko karo, wanda a Najeriya ake ce wa tayil.

Wanda ya tashi gyara irin wannan ɗaki yakan ji shawarwari biyu masu cin karo da juna. Wasu sukan ce a malale ƙasa da kafet daga bango zuwa bango domin a kashe amo, wasu kuma sukan ce a ɗebe kafet ɗin baki ɗaya, tunda manyan sitidiyo na duniya da katako ake daɓe su. Kowane ɓangare yana da hujja, amma sau da yawa ba kan matsala ɗaya suke magana ba.

Matsaloli uku da ake haɗawa wuri guda

Idan aka ce ɗaki yana da ƙara, ana iya nufin ɗaya daga cikin abubuwa uku. Na farko shi ne amon cikin ɗaki, wato sautin da ya fito daga bakin mai magana ko daga kayan kiɗa, ya bugi bango da rufi da ƙasa, ya yi ta kai da komo kafin ya mutu. Na biyu shi ne sautin da ke ratsowa ta iska daga waje, kamar ƙarar babur, kiran salla ko surutun maƙwabta. Na uku shi ne girgizar da ke bin jikin gini, irin ta takun sawu a saman bene ko ta janareta da aka ajiye a kan siminti. Daɓe yana da tasiri a kan na farko da na uku, amma a kan na biyu tasirinsa kaɗan ne ƙwarai, musamman a ɗakin da ke ƙasa. Sau da yawa kuɗin da ake asara wajen gyaran sitidiyo yana tafiya ne ta hanyar sayen maganin matsala ta farko alhali ta biyu ce ke damun mai ɗakin.

Sauti mai kauri da siririn sauti

Sauti motsin iska ne, kuma ana auna yawan kaɗawarsa a daƙiƙa ɗaya da ma'aunin haz, wanda masu sauraron rediyo suka saba ji a cikin megahaz. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga wajen haz 20 zuwa 20,000. Tushen muryar namiji yakan faɗo tsakanin haz 85 da 180, na mace tsakanin 165 da 255, yayin da baƙaƙe irin su s da sh da ts, waɗanda da su ake rarrabe kalmomi, suke can sama a dubban haz.

Abin da ya sa wannan ya shafi daɓe shi ne tsawon zangon kowace kaɗawa. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska digiri 20 ne, ya kai wajen mita 355 a digiri 40, irin zafin Afrilu da Mayu a Yamai. Don haka zangon sauti mai haz 100 ya kusa mita uku da rabi, na haz 1,000 santimita 34 ne, na haz 4,000 kuwa bai kai santimita 9 ba. Abu mai laushi da ƙananan ƙofofi, kamar kafet ko soso ko auduga, yana shanye sauti ne ta hanyar gogayyar iska a cikin zarensa, kuma gogayyar ta fi ƙarfi a tazarar rubu'in zango daga fili mai tauri, domin a jikin siminti kansa iskar kusan ba ta motsi. Rubu'in zangon haz 4,000 santimita 2 ne, wanda kafet mai kauri ke iya taɓawa. Rubu'in zangon haz 100 kuwa ya haura santimita 80, kuma babu shimfiɗar da ake takawa mai wannan kauri.

Ma'aunin Sabine da abin da ya nuna game da kayan daɓe

Ilimin auna amon ɗaki ya samo asali ne daga Wallace Sabine, malamin kimiyya a Jami'ar Harvard ta Amurka, wanda a 1895 aka ɗora wa aikin gyara wani ɗakin lacca da ke gidan adana zane-zane na Fogg, inda kalma ɗaya kan yi fiye da daƙiƙa biyar tana amo. Ya riƙa ɗebo matasan kujeru daga wani zaure na jami'ar da dare, yana shimfiɗawa, yana auna tsawon amon da bututun busa da agogo, har ya gano dokar da ake aiki da ita zuwa yau: tsawon amo yana ƙaruwa da girman ɗaki, yana raguwa da yawan abin da ke shanye sauti. Tsawon amo a nan yana nufin lokacin da sauti ke ɗauka kafin ƙarfinsa ya ragu da desibel 60 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Ana samunsa ta hanyar ninka girman cikin ɗaki da 0.161, a raba da jimillar filin da ke shanye sauti. Ma'aunin kwatancen kuwa taga ce a buɗe, wadda duk sautin da ya faɗa mata ba ya dawowa, wato tana shanye kashi 100 cikin 100.

Alƙaluman da masu wannan fanni suka daɗe suna amfani da su sun nuna cewa daɓen siminti mai santsi da karo da marmara suna shanye kashi 1 zuwa 2 ne kawai cikin 100, ko sautin mai kauri ne ko siriri. Ledar tsakar ɗaki da aka manna a kan siminti ba ta wuce kashi 2 zuwa 3 ba, saboda haka a kunne ita da siminti kusan abu ɗaya ne. Katakon da aka manna kai tsaye a kan siminti yana tsakanin kashi 4 da 7. Katakon da aka ɗora a kan azara, aka bar sarari a ƙarƙashinsa, yana kai kashi 15 a haz 125, ya sauko zuwa wajen kashi 7 a sama, domin falankin yana lanƙwasawa kaɗan idan sauti mai kauri ya buge shi. Kafet ce ta bambanta da sauran: mai kauri da aka shimfiɗa a kan siminti tana shanye kashi 2 a haz 125, kashi 14 a haz 500, kashi 37 a haz 1,000, sannan kashi 65 a haz 4,000. Idan aka sa mata shimfiɗar soso ko ta gashi a ƙarƙashi, abin da take shanyewa a haz 500 yakan haura rabi, amma a haz 125 bai cika kai kashi 10 ba.

Lissafin ɗaki guda

A ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3 da tsayin mita 3, irin wanda ake samu a gidajen haya. Girman cikinsa, wato tsawo sau faɗi sau tsayi, mita 36 ne, jimillar filayensa shida kuwa murabba'in mita 66, daga ciki 12 ne na ƙasa, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar. Idan aka ƙaddara kowane fili yana shanye kashi 3 cikin 100, kuma babu komai a ɗakin, lissafin Sabine zai ba da amo na kusan daƙiƙa 3. Idan aka malale ƙasan da kafet mai kauri ba tare da an taɓa bango da rufi ba, amon haz 4,000 zai sauko zuwa daƙiƙa 0.6, na haz 500 zuwa wajen 1.8, na haz 125 kuwa zai zauna a daƙiƙa 3 yadda yake. Ƙofa da taga da kujeru da mutanen da ke ciki za su rage waɗannan alƙaluma, kuma dokar Sabine ƙiyasi ce kawai a ƙaramin ɗaki, amma rashin daidaiton da ta nuna gaskiya ne, kuma kunne yana jin sa.

Wannan shi ne dalilin da ya sa mai sitidiyo kan tafa hannu bayan shimfiɗa kafet ya ji amo ya tafi, amma da ya saurari abin da ya naɗa sai ya tarar murya ta dushe, tana ƙugi kamar daga cikin randa ake magana. Tafi siririn sauti ne, shi ne kafet ta kwashe, ta bar kaurin muryar yana yawo. Ƙa'idojin ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai sun sanya tsawon amon ɗakin sauraro tsakanin daƙiƙa 0.2 da 0.4, kuma sun buƙaci kada ya bambanta sosai tsakanin sauti mai kauri da siriri. Kafin ɗakin da aka misalta ya kai daƙiƙa 0.3, yana buƙatar abin da ya yi daidai da tagar murabba'in mita 19 a buɗe, wanda ya zarce faɗin ƙasan ɗakin gaba ɗaya.

Akwai kuma ƙugin da girman ɗaki ke haifarwa. Tsakanin ƙasa da rufin da ke da tazarar mita 3, sauti mai haz 57 da 114 da 171 yana tsayawa yana ninka kansa, ya yi ƙarfi a wani wuri ya ɓace a wani. Da yake faɗin ɗakin ma mita 3 ne, bangaye biyu suna ƙarfafa waɗannan sautuka ɗin dai, kuma biyu daga cikinsu sun faɗo daidai kan muryar namiji. Babu abin da sauya karo da katako ko kafet zai yi wa wannan. Maganinsa abin shanye sauti ne mai kauri sosai a kusurwoyi da rufi.

Sautin da ƙasa ke fara dawowa da shi

Inda daɓe ya fi yin tasiri kai tsaye shi ne a sautin da ya bugi ƙasa sau ɗaya ya tashi zuwa mikro. Wannan sauti yana isowa bayan na asali da ɗan jinkiri, kuma idan sun haɗu, wasu sassa sukan ƙarfafa juna, wasu su soke juna, murya ta fito da rami-rami. Girman illar ya danganta da nisa. Mai gabatar da shiri da ke tsaye, bakinsa na santimita 20 daga mikro, sautin da ya dawo masa daga ƙasa ya yi tafiyar wajen mita 3, ya iso da raunin fiye da desibel 20, don haka bai cika yin ɓarna ba. A wurin wanda ke zaune gaban tebur ma, saman teburin ya fi ƙasan ɗaki damun mikro.

Lamarin ya sauya idan aka zo ga makaɗan gargajiya, waɗanda yawancinsu a zaune suke kiɗa. Idan mai gurmi ko molo ya zauna a ƙasa, kayan kiɗansa na santimita 40 daga daɓe, aka kafa mikro a wannan tsayi da nisan rabin mita, sautin da ya bi ta ƙasa zai yi tafiyar santimita 94 maimakon 50. Bambancin santimita 44 ɗin yana sa sokewa ta farko ta faɗo wajen haz 390, ta biyu wajen 1,160, ta uku wajen 1,930, kuma raunin sautin da ya dawo, idan aka gwada shi da na asali, bai kai desibel 6 ba idan ƙasan karo ne. Darduma mai kauri a tsakanin makaɗi da mikro tana rage sokewar da ke sama, ba ta kawar da ta farko. Ita sai dai a matso da mikro kusa da kayan kiɗan, ko a sauke shi dab da ƙasa yadda hanyoyin biyu za su zama kusan tsawo ɗaya.

Ƙwaryar kiɗa kuwa, wadda ake kifewa a buga da dunƙulen hannu da zobba ko ƴan sanduna, ƙasan ɗaki sashe ne na jikinta. A kan karo tsirara tana zamewa tana kaɗawa, shi ya sa makaɗa ke kife ta a kan bargo ko matashi, kuma kaurin abin da aka shimfiɗa yana sauya zurfin sautin da take bayarwa. Sitidiyon da ke karɓar irin waɗannan makaɗa ya fi buƙatar shimfiɗu iri-iri da ake ɗagawa a sauya fiye da daɓe guda da aka manne.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan kafet suna kafa hujja da cewa tana da araha idan aka kwatanta da katako, tana kashe ƙarar taku da jan kujera da faɗuwar alƙalami, tana kuma hana amon nan mai kakkarwa da ke tashi tsakanin ƙasa da rufi idan duka biyun masu tauri ne. Ga ɗakin karanta labarai ko naɗar hira, inda ake son murya busasshiya, waɗannan hujjoji suna da nauyi, shi ya sa ɗakunan rediyo da yawa ke da kafet. Abin da ake mantawa shi ne cewa a irin waɗannan ɗakuna bangaye da rufi ma an cika su da kayan shanye sauti mai kauri, don haka kafet ba ita kaɗai ke aikin ba.

Masu son daɓe mai tauri suna cewa kunnen mutum ya saba da jin sauti na dawowa daga ƙasa a duk inda yake, saboda haka ba ya ɗaukarsa aibi kamar yadda yake ɗaukar na rufi da na bangon gefe. Suna ƙarawa da cewa kayan kiɗa irin su goge da kalangu suna rasa haskensu a ɗakin da kafet ta rufe. Ɗaki na biyu na sitidiyon Abbey Road da ke Landan daɓen katako gare shi, kuma tsarin da masanan tsara sitidiyo Tom Hidley da Philip Newell suka yaɗa ya ginu ne a kan barin ƙasa da bangon gaba da tauri, a sa sauran bangaye da rufi su shanye sauti. Hujjarsu mafi ƙarfi ta aiki ce: don kashe amon da ke tsakanin ƙasa da rufi, gyara ɗaya daga cikinsu ya wadatar, kuma rufi na iya ɗaukar audugar dutse ko ta gilashi (zaren da ake yi da narkakken dutse ko gilashi) mai kaurin santimita 10 da sarari a bayanta, wadda ke shanye mafi yawan sauti daga wajen haz 250 zuwa sama, alhali ƙasa ba ta iya ɗaukar abin da ya wuce santimita ɗaya ko biyu.

Sai dai kuma darajar da ake ba katako ta zarce abin da ma'auni ya nuna. Tsakanin karo da katakon da aka manna a kan siminti bambancin ƴan kashi kaɗan ne cikin 100, a fili ɗaya cikin shida. Katako yana yin aiki na daban ne idan yana da sarari a ƙarƙashi, kuma wannan sarari kan zama matsala idan ba a cika shi ba, domin dandamalin katako mai rami yana amsawa da nasa sautin duk lokacin da aka taka shi ko aka ɗora masa ganga. Akan cika shi da audugar dutse ko busasshen yashi domin ya yi shiru. Haka nan karon da magini bai cika siminti a ƙarƙashinsa ba yana ƙara idan an ƙwanƙwasa, kuma ana iya gano shi da bugun ɗan ƙarfe kafin a karɓi aiki.

Maƙwabta, bene da janareta

Toshe sautin da ke bin iska aikin nauyi ne da rufe kafofi: ninka nauyin bango yana ƙara wajen desibel 6, kuma ɗan sarari a ƙarƙashin ƙofa na iya ɓata ribar bango mai kauri. Kafet ba ta da nauyin da zai tsare komai. Manna ta ko soson katifa a bango ba ya hana maƙwabci jin kiɗa, kuma yana da haɗarin gobara. A 2003 mutum 100 suka mutu a wani gidan rawa a jihar Rhode Island ta Amurka bayan wuta ta kama soson da aka manna a bango don rage ƙara.

Girgizar jikin gini kuwa daɓe na iya rage ta sosai. Kafet mai shimfiɗa a ƙarƙashi tana tausasa taku, amma a ɗakin da ake takun za a sa ta, wato a saman bene idan sitidiyon a ƙasa yake. Cikakken maganin shi ne daɓe mai shawagi, wanda ake zuba sabon siminti mai nauyi a kan roba ko audugar dutse ta musamman, ba tare da ya taɓa bango ko tsohon daɓen ba ko da a wuri ɗaya. Ƙusa guda ko dunƙulen siminti da ya haɗa su ya isa ya ba girgiza hanya, kuma idan daɓen bai yi nauyi ba, to zai iya ƙarfafa ƙugin maimakon rage shi. Ɗakin da ke kan ƙasa kai tsaye bai cika buƙatar wannan tsadar ba. Ya fi sauƙi a nisantar da janareta, a ɗora shi a kan roba, a kuma rataye mikro a mariƙi mai igiyoyin roba.

Abin da yanayin Yamai ke ƙarawa a lissafi

Shawarwarin da ake karantawa a intanet galibi don gidajen katako na ƙasashe masu sanyi aka rubuta su. A nan ƙurar hunturu tana shiga kowace kafa, kafet ɗin da aka manne tana tara ta, ba a iya fitar da ita a kakkaɓe, kuma ƙurar tana komawa maƙogwaron mawaƙi da cikin na'urori a ɗakin da dole ake rufewa ruf. Katako yana fuskantar gara, yana kuma tsukewa a rani ya kumbura a damina, har ya tsage ko ya ɗago. A unguwannin da ke kusa da kogin Kwara, waɗanda ambaliyar 2020 ta shafa, ruwa ko danshi na lalata kafet da katako, alhali karo wankewa kawai yake buƙata. Yashin da akan malala a zaure yana shanye sauti fiye da siminti, amma ba ya zama ɗaki ɗaya da kwamfuta. Tabarmar kaba kuma ba ta da kauri, tana kuma ƙaraurayar da mikro ke ɗauka idan aka motsa a kanta.

Ga matashin da ke haya, wanda ba shi da izinin fasa daɓen mai gida, waɗannan bayanai suna nufin ba lallai ne ya taɓa karon ba. Kuɗin da zai kashe a kan katakon daɓe zai fi yin aiki idan ya sayi katako a kasuwar Katako aka haɗa masa firam-firam, aka cika su da audugar dutse, aka lulluɓe da yadin da iska ke ratsawa, ya rataya wasu a rufi daidai saman mikro da wurin zaman mai haɗa sauti, wasu a kusurwoyi. Darduma mai kauri ɗaya ko biyu za su rufe inda ake buƙata, a shimfiɗa su ranar naɗar magana, a naɗe su ranar da mai goge ya zo, kuma duk waɗannan kaya suna bin sa idan ya tashi daga gidan. Tashar rediyon da aikinta magana ce zalla na iya zaɓar kafet, muddin tana da injin zuƙe ƙura kuma ta riga ta gyara rufi da bangaye. Kafin kowane saye, gwajin da ya fi tafi amfani shi ne a naɗi muryar namiji mai kauri yana karatu a wurare uku ko huɗu na ɗakin, da darduma da kuma babu ita, a saurara da abin sawa a kunne mai kyau, domin a nan ne ake gane ko siririn amo ne ke damun ɗakin ko ƙugin da daɓe ba ya iya taɓawa.